Libarba a ƙarƙashin matashin kai ba za ta tsare Bahindi ba

A ziyarar da na kai gida Bahindi da ke ƙaramar hukumar Bagudo, wani abokina na ƙuruciya, wanda Allah Ya buɗa wa a fataucin hatsi, ya ja ni gefe bayan sallar isha'i, ya ce da ni, "Malam, kai da ka yi boko, ba ni shawara. An yi mini tayin libarba mai gajeren baki daga tsallaken iyaka, in ajiye don tsaron iyali, in kuma riƙa gwada hannu a gona don nishaɗi. In saya?" Na ce masa kada ya saya. Dalilan da na ba shi su ne nake son in gabatar wa mai karatu, domin na san ba shi kaɗai ne wannan tunani yake yi wa yawo a zuci ba.

Tsoronsa ba na banza ba ne. Wanda ya tuna yadda aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a 2021, da yadda Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba zai zargi magidancin da ya nemi abin kāre kansa ba. Hasali ma gwamnatin Zamfara da kanta ta shawarci jama'arta su nemi bindiga a 2022. Sai dai tsoro daban, dabara daban.

Da farko dai akwai doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka ta mafarauta tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu, Sufeto-Janar ke ba da lasisinta. Ita kuwa libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu, dokar ta jera su tare da bama-bamai da bindigogin soja a cikin haramtattu, waɗanda ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba yake fuskanta. Ashe ke nan an gudu ba a tsira ba.

Na biyu, ita kanta bindigar. An ƙera ta ne don a ɓoye a jiki, a yi harbi gab da gab. Bakinta bai wuce inci biyu ko uku ba, cikinta harsashi biyar ko shida, kuma gajartar bakin takan sa saiti ya yi wuya ko ga gwani. Su kuwa maharan da muke tsoro a ayari suke zuwa bisa babura, kowanne da AK-47 mai cin harsashi 30. Yaya magidanci guda, cikin duhu da magagin barci, zai ja da su? Abin da zai fi aukuwa shi ne su hallaka shi, su ƙara bindigarsa a kan nasu.

Na uku, gidan Bahaushe cike yake da yara da baƙi, ga saɓanin yau da gobe. A Amurka, inda bindiga ta zama ruwan dare, binciken da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya nuna cewa ajiye bindiga a gida yana tare da ƙaruwar haɗarin kisa a cikin gidan kusan ninki uku. Batun nishaɗi kuwa, harsashin da ya kuskure gwangwani a gona bai san makiyayi ba, bai san mai ɗibar itace ba.

Na huɗu, wa zai ci kuɗin? Mu da muke zaune kusa da Tsamiya da Lolo mun san ba shinkafa kaɗai ke bin ɓarauniyar hanya ba. Ɗan fasa-ƙwaurin da ya sayar maka da ƙarama yau, shi zai sayar wa ɗan ta'adda babba gobe. Don toshe irin wannan kafa ne ƙasashen ECOWAS, ciki har da Nijeriya da Binin, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a 2006.

Ba cewa nake yi mu naɗe hannu ba. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Kuɗin libarba guda, in aka haɗa da na maƙwabta, zai sayi fitilu masu aiki da hasken rana, da wayoyi da man babur ga 'yan sintirin da hakimi da 'yan sanda suka tantance. Mai sha'awar harbi ya bi ta ofishin 'yan sanda ya nemi abin da doka ta halatta. Mu kuma 'yan boko da ke Birnin Kebbi da Abuja, nauyinmu ne mu matsa wa wakilanmu lamba har a ƙara jami'an tsaro a wannan iyaka, domin gibin da hukuma ta bari shi ne dillalin bindiga yake cikewa.

Abokina bai ce ya gamsu ba, ya dai ce zai yi tunani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya tsare mana iyalanmu, amin.