Kun ci ladan kuturu, ina askin mai shanu a Madarunfa?



Bara da kaka ɓarayi suka shiga wani ƙauye a yankin Gabi cikin dare, suka kore wa kawuna shanu bakwai: bijimai biyu na huɗa, shanu mata huɗu da maraƙi guda. Ya fi shekara goma yana tara su. Ya sayi ramamme, ya turke shi, ya saida, ya ƙara da kuɗin gyaɗa, haka har suka kai bakwai. Da gari ya waye ya ɗauko wata baƙar leda daga cikin akwatinsa, muka tafi kai ƙara, ni ne mai yi mishi tafinta. Wanda ya saurare mu bai wulaƙanta mu ba, gaskiya a faɗe ta. Tambaya guda ya yi: «Baba, ina shaidar cewa naka ne?»

Kawu ya zazzage ledar bisa tebur. Tikitin kasuwa ya fi talatin, kowane da hatimi da adadin kuɗin da ya biya. Babu ko ɗaya da ya ce bijimin ja ne ko fari, ko ƙahonsa na hagu ya karye, ko wace irin tsaga ce a kunnensa. Waɗanda aka haifa a garkensa kuwa ba su da ko ƙyallen takarda. Ya dube ni ya ce: «Ɗana, ashe takardun ga duk shaidar na biya ne, ba shaidar ina da abin ba?»

Ban samu abin ce mishi ba ranar nan. Yau nake ba da amsa, kuma ba shi kaɗai nake ba. Hukuma ta san saniya ranar kasuwa. Ranar da saniyar ke tari, ko aka sace ta, ko aka kulle ta don ta ci karan wani, sai mai ita ya zama baƙo a ƙasarsa. Daga Ɗan Isa zuwa Safo, daga Jiratawa zuwa Sarkin Yamma, ku tambayi duk mai turke, labarin ɗaya ne.

Mu fara da takarda.

Nijar ba ta rasa doka a kan kiwo ba. Kundin dokokin karkara, Kod Rural, yana nan tun 2 ga Maris 1993. An yi shi ne jinin Toda bai gama bushewa ba, inda a watan Oktoba 1991, nan cikin jiharmu ta Maraɗi, aka kashe Fulani sama da 100, akasari mata da yara, a kan rikicin gona da dabba. Shi ya kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, waɗanda aikinsu ya haɗa da shata burtali da makiyaya da mashaya. A ranar 20 ga Mayu 2010 aka ƙara da doka mai lamba 2010-029, ta makiyaya zalla. Dokar ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Ta ce in dabba ta yi ɓarna, a fara zaman sulhu gaban sarki ko mai gari, da wakilan manoma da na makiyaya daidai wa daida, a kuma rubuta abin da aka yanke. Ta ce in mai dabba ya amsa laifinsa gaban hukuma, ba a ci gaba da riƙe dabbarsa a furiyar.

To dan Allah, makiyayi nawa ne a Baban Rafi ya taɓa jin wannan da kunnensa? Mai saniyar turka nawa ce a Safo aka karanta wa? Dokar tana cikin faransanci, cikin kabad, a biro. Kuma duhun nan ba kowa yake cuta ba, akwai mai cin abinci da shi. In ba ka san cewa dabbarka ba ta da dalilin kwana a kulle bayan ka amsa laifi ba, ko nawa aka yanka maka za ka biya, har ka yi godiya. Kuɗin ya tafi ba rasit, manomin da aka yi wa ɓarna ya samu ɗan guntu, kai kuma ka koma gida da ƙulli a zuci. Daga irin ƙullin nan ne ake wayar gari da gawa.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mun yi murna, mun yi tafi. Amma in Hausar ba ta kai ga tikitin kasuwar shanu da dokar furiyar ba, ta jawabin biki ce kawai.

Sai takardar ƙetare iyaka. Tun 1998 CEDEAO ta fito da takardar shaidar yawon kiwo tsakanin ƙasashe, wadda ke nuna yawan garke, allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi. A 2017 jihar Maraɗi da jihar Katsina, zamanin gwamna Aminu Bello Masari, suka sa hannu kan yarjejeniyar kiwo da yaƙi da satar dabbobi a kan iyaka. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Ba gardamar fita ko zama ta kawo ni nan ba. Saniya ba ta san CEDEAO ba, ba ta san AES ba, ciyawa ta sani. Wanda ya tura garkensa kudu da rani yana da haƙƙin a fito a gidan rediyo, da bakin hukuma, a gaya mishi wace takarda zai riƙe, ina ake ba da ita, nawa ne kuɗinta, kuma wa zai kira in an tare shi tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Duk inda aka bar mutum yana zato, mai shinge ne ke yanke farashi.

Na biyu, lafiya.

Zan yaba inda ya kamata. Kowace shekara gwamnati na yin allurar rigakafi kyauta: ta ciwon huhu ga shanu, ta annobar awaki da tumaki ga ƙananan bisashe. Akwai LABOCEL a Yamai da ke haɗa allurai. Kuma duniya ta ga abin da rigakafi ke iyawa: bushiya, wadda ta share garkunan kakanninmu, a 2011 aka shelanta an gama da ita a doron ƙasa. Da allura aka yi wannan aiki, garke bayan garke.

Amma kamfen na ƴan makonni ne, ciwo kuwa bai san kalanda ba. In saniya ta tsaya ta miƙa wuya, ta buɗe ƙafafun gaba tana numfashi da ƙyar cikin watan da masu allura sun daɗe da komawa, wa za a kira? In shanun da ke kiwo a fadamar Gulbi da bakin tafkin Madarunfa suka soma ramewa, haɓarsu na kumbura saboda tsutsar hanta, wa zai gaya wa mai su cewa daga ɗan dodon koɗin da ke cikin ruwa abin ke fitowa, kuma akwai lokacin ba da magani? Amsar da ke ƙasa ita ce mai tebur a kasuwa. Kwalaben taramisin da ƙwayoyin tsutsa a shanye cikin rana tun hantsi, wasu kwanansu ya wuce, wasu ba wanda ya san daga ina suka shigo. Mai saniya ya saya, ya raba allurar dabba ɗaya ga uku don kuɗi bai kai ba. Ciwon ya lafa, bai tafi ba, ƙwayar cutar ta saba da maganin. Washegari a tatsi nonon a kai Maraɗi, ɗanka da ɗana su sha da fura. Wanda ke ganin maganar likitan dabbobi ta mutanen daji ce, ya duba ƙwaryar da ke gabansa.

Akwai likitocin dabbobi masu zaman kansu da aka ba yankuna, akwai mataimakansu a ƙauyuka, kuma na san masu ƙoƙari a cikinsu. Amma mutum ɗaya da moto ɗaya, ga hanyar da ake tsoron bi bayan la'asar, ina zai kai?

Na uku, kuɗi.

Saniya ita ce bankin talaka. Ita ce kuɗin asibiti, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce hatsin bazara. Amma farashinta ba a Madarunfa ake yanka shi ba. Kasuwarmu Najeriya ce. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa sai Maris 2024. A Yuni 2023 aka saki naira ta yi ta faɗuwa, ta yadda mutum zai saida bijimi a Jibiya ya cika aljihu da takardu, ya zo wurin ƴan canji ya fito da sefar da ba ta kai kuɗin dusar da bijimin ya ci ba.

Sai a watan Mayu 2025, gab da layya, ma'aikatar kasuwanci ta hana fitar da dabbobi waje don ragon layya ya yi sauƙi a gida. Ministan da ke riƙe da ita a lokacin, Abdoulaye Seydou, daga cikinmu ƴan farar hula ya fito, don haka ba zan yi mishi kara ba. Niyyar mai kyau ce, kowa na son maƙwabcinsa ya yanka. Amma daga aljihun wa sauƙin ya fito? Matar da ta yi wata biyar tana sayen harawa da dusa da angurya, tana jiran mako guda a shekara, wa ya rage mata kuɗin dusar? In za a yi wa ɗan birni alheri, a yi mishi daga baitulmali, ba daga turken bazawara ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce makiyaya ma ba waliyyai ba ne. Gaskiya ne, kuma ni ɗan manoma ne. Na ga gonar wake da aka cinye dare ɗaya, mai ita na tsaye hannu bisa kai. Akwai masu sakin garke kafin hukuma ta faɗi ranar sakin gonaki. Akwai masu ɓoye rabin shanunsu ranar allura don tsoron ƙidaya, ciwon huhu ya zauna cikin waɗanda aka ɓoye ya dawo ya kama na kowa. Wannan cutar kai ce, a daina. Amma manomin da ya tura garmarsa cikin burtali taku biyu bana, taku biyu baɗi, shi ma ya san abin da yake yi. In ka toshe hanya, ta ina kake so dabba ta bi, ta sama?

Za a kuma ce ai matsalar tsaro ce ta fi komi, a bari a gama da ita. Sojojinmu na Farautar Bushiya na bakin ƙoƙarinsu, Allah ya kare su. Amma saniyar sata ba a daji take ƙarewa ba. Kasuwa take zuwa, a yi ciniki, dillali ya ci la'ada, a yanka mata tikiti. Muddin dabba za ta canza hannu ba a rubuta kamanninta da sunan wanda ya kawo ta ba, ɓarawo na da riba, kuma wanda ke da riba ba ya tuba. Sannan a bar ɗora wa ƙabila guda laifin ƴan bindiga. Bafulatanin da ke ruga shi ake fara kore wa garke, shi kuma ake fara zargi.

Mu ƴan farar hula ma kar mu wanke kanmu. Taro nawa muka yi a otal a Maraɗi kan «zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya», muka sha lemu, muka sa hannu muka karɓi kuɗin zama? Ƙungiyoyi irin su AREN sun yi shekaru suna wannan gwagwarmaya tun 1990, mu kuwa ƴan boko mun fi son hoto gaban allo.

Tun Afrilu 2024 da aka rushe majalisun komin, kantomomi ke riƙe da su. Ba mu da kansila da za mu tsare da tambaya, don haka kai tsaye muke magana da kantomomin Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, da shugaban gunduma, da ma'aikatar kiwo. Abin da muke nema ba ya buƙatar tallafin Turawa:

1. A fassara dokar 2010 cikin Hausa da Fulatanci, boko da ajami, a manna a kowace kasuwar dabbobi da ƙofar kowane mai gari, a karanta ta a rediyo kafin kaka.

2. Tikitin sayar da babbar dabba ya ɗauki launinta, alamarta, sunan mai sayarwa da na dillalin da ya tsaya mishi. A buɗe rajistar dabbobin da aka sace, kasuwanni su riƙa musayarta, har da na Katsina, bisa yarjejeniyar 2017.

3. Kowace komin ta manna abin da ta tara a kasuwar dabbobi duk wata uku, da abin da ta mayar wa kiwo: mashaya, shingen allura, ko man moton mai allura.

4. Kuɗin furiyar da na ɓarna, ba rasit ba biya.

5. In dusar gwamnati mai rahusa ta iso, a manna yawan buhunan da sunayen waɗanda suka samu.

6. Kafin a sake hana fitar da dabbobi, a zauna da masu kiwon, a kuma faɗi ranar ɗagewa tun ranar hanawa.

Kawu bai ga shanunsa ba har yau. Bana da hauya ya yi noma, shi da ƴaƴansa, rabin gonar ya kwana. Watan jiya ya sayi ɗan maraƙi, ya kuma biya tikiti, ya ninke shi ya sa cikin ledar nan. Shi ya cika nashi. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san abin da ke kansa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman a ruga da kasuwa. Allah ya tsare mana dukiya da rayuka.