Yankan kaza: a kula da hanji, da ruwa, da wuƙa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san kaza ita ce naman baƙo, ita ce ta suna da ta salla. To, ku saurara da kyau. Yanka da sunan Allah yana halatta nama, amma ba ya wanke shi.

Cikin hanjin kaza da kashinta akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Masana suna kiran biyu daga cikinsu salmonela da kamfilobakta. Kaza tana iya ɗauke da su, tana kiwonta lafiya lau. In sun shiga cikin mutum, sai zawo, da ciwon ciki, da zazzaɓi. Ciwon yakan ɗauki kwana 2 ko 3 kafin ya fito, shi ya sa ba a tuhumar kaza. Yara ƙanana da tsofaffi su suka fi wahala.

Ta ina ƙwayoyin ke hawa nama? Na farko, hanji. In kaza ta ƙoshi, hanjinta ya cika, wuƙa tana taɓa shi sai ya fashe. Ku hana ta hatsi tun dare, awa 8 zuwa 12 kafin yanka, ku bar mata ruwa kaɗai.

Na biyu, ruwan figa. A kasuwa ko ranar buki, tukunya guda ake tsoma kaji goma. Ƙazantar ta farko ta ishe ta ƙarshe. Ku riƙa sake ruwa.

Na uku, ƙasa da ƙuda. Kada ku gyara kaza a ƙasa inda tumaki ke kwana. Ku sa ta cikin tasa mai tsabta, ku rufe. Gashi da ruwan wanki kuwa, a haƙa rami a binne su.

Na huɗu, zafin rana. Lokacin bazara ƙwaya guda tana iya zama biyu cikin minti 20. Cikin awa 2 ta zama 64, cikin awa 7 ta wuce miliyan 2. Kazar da aka yanka da hantsi kada ta jira tuwon dare.

Wani zai ce: “Ai wuta tana kashe komi.” Gaskiya ne, in nama ya dafu har ƙashi, babu sauran ja. Amma wuta ba ta taɓa wuƙar da ta yanka kaza, sannan ta yanka albasa da tumatir na kwaɗo. Ba ta taɓa hannun da ya cire hanji, sannan ya ɗauki jinjiri. A nan cuta ke wucewa. Sabuni da ruwa su ne maganinta.

Kaza marar lafiya kuma, kada ku gaggauta mata wuƙa don gudun hasara. Ku nemi ma'aikacin kiwo. Kuɗin kaza guda ba su kai kuɗin jinyar yaro ba.

Kai da ka iya karatu, karanta wa uwargida da maƙwabta wannan takarda.