Sarƙar Keke da Yatsun 'Ya'yanmu

A hutun da ya gabata na je Kazage, a ƙasar Birnin Gwari, domin gaida kawuna. A ƙofar gida na tarar da jikansa ya kifar da keke bisa sirdi, yana wanke sarƙa da ɗan fetur ɗin da ya tatso daga babur. Hannu ɗaya na juya feda, ɗayan na riƙe da tsumma dab da haƙoran giya. Taku kaɗan daga inda yake, mai ƙosai ta ɗora kasko a wuta. Kafin in gaisa da kowa, gwangwanin fetur ɗin na fara ɗaukewa.

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da yawa sun jingine babur, sun kakkaɓe tsoffin kekunansu. Keken ne ke kai su gona, shi ke kai masara kasuwa. Amma gyaransa ya faɗa hannun yara, kuma babu wanda ya zauna ya koya musu.

Fetur ba abin wanki ba ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, don haka yakan bi ƙasa ya isa murhu, wutar kuma ta biyo shi har gwangwani. Kalanzir ya fi shi lafiya, domin sai ya ɗau zafin da ya kai kusan digiri 38 tururinsa ke kamawa. Duk da haka a yi aikin a fili, nesa da wuta, kuma kada a zuba shi a kwalbar lemo, inda ƙaramin yaro zai ɗauka ya sha.

Sai batun yatsu. Haƙoran giya ba sa bambance tsumma da fata. A tsayar da taya, a goge gaɓoɓin da ke fili da tsohon buroshi, a janye hannu, sannan a matsa feda kaɗan.

Idan sarƙa ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, a share abin da ya yi saura. Man da ya yi yawa shi ke tara ƙurar hunturu, ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa tana cin ƙarfe. Baƙin mai da aka juye daga inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, yana kuma cutar da fata. Arahar tasa ba ta ado. A kiyaye kada mai ya taɓa inda birki ke kamawa, kuma kada a zubar da dattin kusa da rijiya.

Na zauna da yaron muka wanke sarƙar tare. Da muka gama, kawu ya dube ni ya ce, "Malam, ashe bokon naka ya san keke." Rabin sa'a kawai aikin ya ci mana. Ina roƙon kowane uba ya ba ɗansa wannan rabin sa'ar, tun yatsunsa goma na nan cif.