Sharhi: Dokar Tabar Wiwi A Kanada Da 'Ya'yanmu Da Ke Can

A 'yan shekarun nan, duk inda aka ta da zancen tabar wiwi a tsakanin matasanmu, ko a makaranta ko a bakin majami'a bayan an tashi sujada, da wuya a rasa wanda zai ce ai Turawa ma sun halatta ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabin zance ce. Tun da yake iyalai da dama a cikin ikilisiyoyinmu suna da 'ya'ya da ke karatu ko aiki a Kanada, mun ga ya kamata mu duba abin da dokar ƙasar ta tanada, domin iyaye su san abin da za su faɗa wa 'ya'yansu.

Ranar 17 ga Oktoba, 2018 ne dokar ta fara aiki, a zamanin gwamnatin Jastin Turudo. Kanada ita ce ƙasa ta biyu a duniya da ta halatta sayar da wiwi don nishaɗi, bayan Yurugwai wadda ta yi tata dokar a 2013. Hujjar da gwamnatin ta bayar ita ce, hani ya kasa raba matasa da tabar, ga kuma 'yan fataucin ɓoye suna ta kwasar riba. Don haka sai ta ga gara ta karɓe cinikin ta sa masa takunkumi.

Takunkumin kuwa ba ƙarami ba ne. Dokar tarayya ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ta bar wa larduna ikon ƙara shekarun. Yawancinsu sun mai da shi 19, lardin Albata ya tsaya a 18, Kwibek kuma ya ɗaga zuwa 21 tun daga 2020. Baligi ba zai riƙe fiye da giram 30 na busasshiyar taba a bainar jama'a ba. Gida ɗaya ba zai shuka fiye da tushe 4 ba, a Kwibek ma an hana shukar gaba ɗaya. Sa'an nan ba a saye sai a kantin da ke da lasisi, cikin ƙunshi mai hatimin haraji da gargaɗin lafiya. Wanda ya saya a hannun dillalin kan titi ya karya doka, ko da giram ɗaya ne. Alewa da biskit masu wiwi, waɗanda aka halatta a 2019, ba a yarda ƙunshi ɗaya ya wuce miligiram 10 na sinadarin da ke sa maye ba, watau THC.

Hukuncin saɓa wa dokar shi ne ya fi dacewa mu lura da shi. Wanda ya ba yaro ko ya sayar masa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Haka nan wanda ya ƙetare iyakar ƙasar da ita, shiga ko fita, ko da a kantin gwamnati ya saye ta. Tuƙin mota cikin mayen wiwi babban laifi ne, ana kuwa auna jinin direba. A nan ne baƙo ya fi ɗan ƙasa shiga haɗari, gama ɗan ƙasa zai biya tara ko ya yi zaman kaso ya koma gidansa, amma ɗalibi ko ma'aikacin da ya zo daga waje yana iya rasa takardar zamansa, a sa shi a jirgi. Iyayen da suka sayar da gona ko suka ci bashi don kuɗin makaranta sun san nauyin wannan.

Sauran ƙasashen da ake kafa hujja da su ma haka abin yake. A Yurugwai sai ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin da ya yi rajista ake sayar wa, kuma ba ya wuce giram 40 a wata. Jamus, wadda dokarta ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2024, ta yarda baligi ya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe 3 a gida, amma ba ta buɗe kantuna ba, kuma ta hana sha kusa da makarantu da wuraren wasan yara. A Amurka jihohin Kolorado da Washinton suka fara a 2012, wasu suka bi baya, duk da haka dokar tarayya ba ta halatta shan nishaɗi ba, ita ce kuwa ke hukunta al'amuran shige da fice.

Ya kamata mu yi adalci. Masu goyon bayan dokar Kanada suna da abin nunawa: kama mutane saboda riƙe 'yar taba ya ragu ƙwarai, kuma masu sha da yawa sun bar kasuwar ɓoye. Amma likitocin ƙasar sun ba da rahoton ƙaruwar ƙananan yara da ake kaiwa asibiti bayan sun ci alewar wiwi bisa kuskure. Ma'aikatar lafiyar ƙasar da kanta tana gargaɗin cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25, kuma yawan sha tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Ashe ko gwamnatin da ta halatta ba ta ce abin ba ya cutarwa ba.

A gida Nijeriya kuwa, noma ta da sayar da ita da shan ta duk laifi ne, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke farautar masu yi. Jami'anta sun sha kama nau'in tabar mai ƙarfi da ake shigowa da ita daga Kanada a tashoshin jiragen Legas. Binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan, ba tare da kanti ko hatimi ko mai duba shekaru ba. Wanda ke son mu kwaikwayi Kanada, sai ya fara gaya mana wa zai tsare waɗannan ƙa'idodi a nan.

Roƙonmu ga iyaye, fastoci da shugabannin matasa shi ne, kada mu tsaya ga tsawa kaɗai. Mu san dokar, mu zauna da yaron kafin ya tafi, mu gaya masa kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ba, kada ya hau mota a buge, kada kuma ya ɗauka duk abin da doka ta ƙyale yana da amfani a gare shi. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.