Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Malam Edita, ka ba ni fili in amsa wata magana da lokaci ya hana ni amsawa a muhawarar da ƙungiyarmu ta yi. Wani ɗan'uwa ɗalibi ya tashi ya ce tsofaffin taragun jirgin ƙasan Nijeriya ba su da magani sai a sayar wa 'yan gwangwan, a ci bashi a sayo sababbi dal. Aka tafa masa har da fito. Ni kuwa na ce wannan magana daɗin baki gare ta, amma in an bi ta, talaka ne zai kwana a ciki.

Da farko mu san jirgin da mu ke magana a kai. Ba na nufin mai sanyin nan na Abuja zuwa Kaduna. Ina nufin jirgin masu ƙaramin ƙarfi, mai kai lebura wurin aiki da safe ya komo da shi da yamma, irin wanda aka san shi da zirga-zirga tsakanin Iddo da Ijoko a Ikko, inda aka sha ganin mutane har a kan rufi saboda ƙarancin taragu, ko kuwa na Kano zuwa Nguru mai ɗaukar 'yan kasuwar ƙauye da buhunansu.

To, ga abin da mai maganar bai gaya wa masu tafi ba. Dogo iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai tsohon dogo, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Faɗinsa milimita 1,067 ne, tsawonsa kuwa kilomita 3,505. Sa'an nan akwai sabon dogo mai faɗin milimita 1,435: Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, Warri zuwa Itakpe a 2020, Ikko zuwa Badun a 2021. In ka tara waɗannan uku ba su cika kilomita 700 ba. Jirgin da aka ƙera wa sabon dogo ba ya hawa tsohon, ko da taku ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce a zubar da tsofaffin taragu, ɗayan biyu ya ke nufi. Ko dai a sake sayo wasu na musamman domin tsohon dogo, ko kuwa mutanen Kafanchan da Gusau da Gombe su zauna jiran ranar da sabon dogo zai zo ƙofar gidansu.

In kuwa saye ya ke nufi, ai mun gwada, ba sau ɗaya ba. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 528 da kamfanin CCECC na ƙasar Sin, a ciki har da kawunan jirgi 50 da taragu. A 2010 aka sake kawo wasu kawuna 25 ƙirar General Electric. Me ya sa aka koma kasuwa bayan shekara 15 kacal, alhali kuwa kan jirgi abu ne mai yin shekara 30 ko fiye in ana kula da shi? Dubi kuma lissafin fasinja. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta ɗauki mutum fiye da miliyan 11, amma a 2003, bayan wancan babban cinikin, ba ta kai miliyan 2 ba. Ashe cutar ba ta tsufa ba ce, ta rashin kula ce. Sabon tarago a kan karkataccen dogo, ba kayan gyara, ba maƙerin da ya san cikinsa, nan da 'yan shekaru zai je ya tarar da yayyensa a bayan tasha, ciyawa ta rufe su tare.

Kakana fita ne, a loko ya yi aiki har ya tsufa, shi ya koya mini abin da a ke nufi da gyara. Ya ce tarago kamar gidan ƙasa ya ke: in tushe da azara suna da ƙwari, sauran aiki yaɓe ne. Ƙashin tarago ƙarfe ne mai kauri da ba ya saurin mutuwa. Abin da ke cinyewa su ne ƙafafu, da birki, da kujeru, da tagogi, da wayoyin lantarki. Ƙafar da ta ci, a kan ɗora ta a injin sassaƙa a daidaita bakinta ta koma aiki. Inji kuma a kwance shi gaba ɗaya, a wanke, a musanya abin da ya gaji, a mayar. Wannan shi ne gyara, shafa fenti a kan tsatsa kuwa ha'inci ne.

Kada wani ya ce wannan dabarar matalauta ce. A Ingila jiragen InterCity 125 sun fara aiki a 1976. Da suka kai wajen shekara 30, sai aka sa musu sababbin injuna, suka ci gaba da ɗaukar Turawa har suka haura shekara 40. Da aka sallame su, wasu aka kai Mekziko, wasu kuwa nan Nijeriya aka kawo su. Jama'a, ku ji wannan! Tsohon wani da ya sha gyara mu ke biya da kuɗin waje, namu tsohon kuwa mu ce a kai wa 'yan gwangwan.

Sabo kuma ba shi ne tabbacin nagarta ba. A 2013 hukumar jiragen fasinja ta Afirka ta Kudu ta ba da kwangilar kawuna 70 a kan rand biliyan 3.5. Da 13 na farko suka iso, sai aka tarar tsayinsu ya wuce ƙa'idar dogon ƙasar, a 2017 kotu ta soke kwangilar. Babban ciniki, babbar ƙofar ɓarna.

Mu tambayi kanmu, wa ke cin ribar saye, wa ke cin ta gyara? In an saya, masana'antar wata ƙasa ce ke samun aiki, mu kuma mu samu bashi. Dogon Abuja zuwa Kaduna kaɗai an ranto masa dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, mu da ke aji yau muna cikin masu biya. Zanen aro ba ya rufe katara. In kuwa gyara a ke yi, kuɗin aikin yana shiga aljihun fita da mai walda da kafinta a ma'aikatun Ebute Metta da Enugu da Zariya, yaro kuma ya koyi sana'a a hannun ubangidansa. Illar gyara ɗaya ce a wurin manya: ba a yanka masa ƙyalle a gaban 'yan jarida.

Ku dubi Indiya. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, su kuma suka buɗe masana'antar ƙera taragu a Madras. A 1979 sai da muka ɗauko Indiyawa su riƙe mana tamu hukumar har shekara uku. Hannun da bai saba kwance tarago ba, ba zai taɓa ƙera shi ba.

Ban ce kowane tarago ya cancanci gyara ba. Wanda ƙashinsa ya tsage, ko tsatsa ta cinye shi, a yanka shi, domin ran fasinja ya fi ƙarfe tsada. Na kuma yarda wasu kayan gyaran sai an sayo daga waje, kwangilar gyara ma ɓarawo na iya shiga ta. Don haka ga abin da na ke kira a yi. A ƙirga duk abin da ke ajiye, injiniyoyi su duba ɗaya bayan ɗaya, a kasa su uku: mai tafiya, mai gyaruwa, da matacce, a buga sakamakon kowa ya gani. A fara da gyaran dogo da gadoji, tun da su ke kashe taragu. A sayi sabo don cike gurbin matacce kawai, da sharaɗin ya zo da kayan gyara na shekaru da horon ma'aikatanmu. Tun 2023 tsarin mulki ya ba jihohi ikon harkar jirgin ƙasa, gwamnoninmu ba su da sauran hanzari.

Ɗan'uwana mai magana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kana da amsa, ga fili ga mai doki, mu haɗu a fitowa ta gaba. Haza wasalam.