Digirin tsara birane da unguwannin awon igiya: Jarrabawar da ke jiran ABU a bakin ƙofarta

Titi guda ne ya raba harabar Jami'ar Ahmadu Bello da garin Samaru, wato hanyar da ta fita daga Zariya zuwa Funtuwa da Sakkwato. A ɓangaren jami'a tituna na da faɗi, an bar tazara tsakanin gini da gini, ga bishiyoyi ga magudanan ruwa. Da zarar an tsallaka aka nutsa cikin Samaru zuwa Hayin Dogo, sai a tarar da lungunan da mota biyu ba sa iya giftawa, rijiya na maƙwabtaka da masai, ruwan wanka na kwarara a tsakiyar hanya. A cikin wannan jami'a, a Tsangayar Tsara Muhalli, akwai Sashen Tsara Birane da Yankuna da ya daɗe yana yaye ƙwararru. Don haka duk wata muhawara kan abin da ya kamata mai wannan digiri ya iya, nan ne wurin gwada ta.

Muhawarar ta taso ne a watan Disamban 2022, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ƙarƙashin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin ta 2007. An kasa fannonin ilimi gida 17, tsara birane ya faɗa cikin kimiyyar muhalli. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Kowane kwas kuma an rubuta masa jerin abubuwan da ake sa ran ɗalibi zai iya yi bayan ya kammala shi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi tir da tsarin a 2023, tana cewa ya ƙwace wa majalisun jami'o'i ikon tsara karatunsu. Ƙorafin yana da tushe, sai dai ya janye hankali daga wata tambaya da ta fi kusa da talaka: me za a zuba a cikin kashi 30 ɗin?

Sharuɗɗan shiga ba su da sarƙaƙiya. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Labarin Ƙasa, sannan jarrabawar JAMB. Karatun shekara biyar ne, ya ƙunshi zanen taswira da awon ƙasa da ƙididdigar jama'a da sufuri da gidaje da dokokin filaye, da aikin ɗakin zane inda ɗalibi ke tsara unguwa a kan takarda, da watannin sanin makamar aiki a ma'aikatu, sai kundin bincike a shekarar ƙarshe. Bayan digiri da hidimar ƙasa, mutum ba ya zama cikakken mai tsara birane sai ya yi rajista da majalisar TOPREC, wadda aka kafa da Doka ta 3 ta 1988. Ƙungiyar masu sana'ar, NITP, ta girme ta, don tun 1966 take.

Wannan tsari yana fitar da mutumin da ya iya ɗaukar fili fetal ya yanka shi fuloti-fuloti, ya ware wurin makaranta da kasuwa da asibiti, ya lissafa faɗin titi. Matsalar ita ce mafi yawan sabbin unguwannin Zariya ba ta wannan hanya suke samuwa ba. Manomi ne ko magadansa ke yanke shawarar sayar da gona. Dillali ya zo da igiya ko tef a auna, a kafa turaku, mai unguwa ya shaida ciniki, a rubuta takarda. Kowane taku na ƙasa kuɗi ne, saboda haka hanya ake matsewa, filin makaranta kuwa ba a ma zancensa. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina yawancin abin da ya cike tsakanin Samaru da Bomo da Basawa da Palladan da Hanwa. Kafin jami'in tsara gari ya iso, an riga an yi rufi, an tare, har an yi suna a gidan. Abin da ya rage a hannunsa shi ne jan fenti a bango, daga nan kuma sai rusau ko kau da kai.

Ba daidai ba ne a ɗora wa masu saye laifi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, amma filin awon gwamnati bai taɓa wadatar masu nema ba, kuma samun takardar shaidar mallaka na cin kuɗi da lokaci. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari na da mutane kusan dubu 700 a haɗe, kuma shekaru da dama ke nan da yin ta. Ga dubban ɗaliban da ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗauka, waɗanda saboda su ake mayar da gidajen iyali ɗakunan haya. Jami'ar da kanta, wadda aka buɗe a 1962, ita ce babban abin da ya kumbura Samaru.

Wannan rabuwa ta samo asali tun zamanin Turawa. Da layin dogo ya iso Zariya wajajen 1911, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, aka shata masa tituna a miƙe, aka ware Tudun Wada, aka bar Birni ga Sarki. Dokar Garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta ƙarfafa wariyar, kuma ƙa'idar lokacin ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Dokar tsara gari ta 1946 kuwa daga ta Ingila aka kwaikwayo ta. Sana'ar ta tashi ne da hidimar wani ɗan yanki na gari, sauran kuma su ji da kansu. Har yau mai tafiya a tsakiyar Sabon Gari zai ga tsohon shatin titunan nan, zai kuma ga daidai inda ya ƙare, gine-gine suka ci gaba ba tare da shi ba.

Abin da ya kamata ABU ta auna ɗalibinta da shi, ke nan, shi ne iya gyaran unguwar da aka riga aka gina. Wannan ƙwarewa daban take da zana sabuwa. Tana buƙatar ɗalibi ya iya bin lungu gida-gida ya fitar da taswirar abin da ke ƙasa, ya haɗa da hoton tauraron ɗan'adam, ya gano hanyar da ruwan sama ke bi zuwa rafin Kubanni da gidajen da suka tare ta. Tana buƙatar ya san yadda rabon gado ke farfasa gona da gida, da matsayin shaidar mai unguwa da dagaci a ciniki, da yadda ake lissafin diyya. Sannan ya iya zama da masu gidaje ashirin ya shawo kansu kowa ya ja katangarsa baya da taku biyu domin motar kashe gobara ta samu shiga. Wannan zama da Hausa ake yin sa a Samaru, a Sabon Gari kuma a kan haɗa da Turancin buroka, alhali ɗalibi na kare aikinsa ne da Turanci a gaban malamai. Ɗalibin da zai iya bayyana tsarinsa ga farfesa amma ya kasa bayyana shi ga mai unguwa, karatunsa da saura.

Akwai kuma wanda ya fi wannan araha, wato tarar gona kafin a yanka ta. Idan ɗaliban aji huɗu za su zauna da masu gonakin gefen gari da dillalansu su zana musu shatin da ya bar hanya da magudana, mai gona zai yi asarar 'yan fulotai, amma ragowar za su ƙara daraja. Irin wannan aiki ana iya ba shi maki, ana iya komawa bayan shekara biyu a ga ko turakun na nan. Sakamakon koyo da aka rubuta a manhaja ba ya da ma'auni mafi gaskiya daga wannan.

Sai dai adalci ne a faɗi iyakar abin da manhaja za ta iya. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta tanadi hukumomin tsarawa a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Tun daga nan kowace jiha ke bin nata salon. A Kaduna, izinin gini na hannun KASUPDA, rajistar filaye na hannun KADGIS, kuma a 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta kafa hukumar kula da birnin Zariya. Gari ɗaya ne a aikace, amma Birni na Ƙaramar Hukumar Zariya, Samaru na Sabon Gari, Shika da asibitin koyarwa na Giwa. Ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi kusa da gonakin da ake yankawa, su ne mafi ƙarancin ƙarfin ɗaukar ƙwararru. Shi ya sa ake samun masu wannan digiri a banki da koyarwa da dillancin gidaje, garin da ke buƙatarsu kuma na ci gaba da faɗaɗa babu su.

NUC da TOPREC dukansu na zuwa tantance sassan jami'o'i lokaci zuwa lokaci. Abin da aka saba dubawa shi ne yawan malamai da matakansu, da littattafai, da kwamfutoci, da faɗin ɗakin zane, da takardun jarrabawa. Duk suna da muhimmanci, kuma sashen da bai da su ba zai koyar da komai ba. Amma ɗaliban farko da suka fara da sabuwar manhajar a zangon 2023/2024 sai wajajen 2028 za su fita, idan yajin aiki bai gifta ba. Kafin nan, masu tantancewa na iya ƙara tambaya ɗaya a takardarsu: wace unguwa ce a Samaru ko Sabon Gari ɗaliban sashen suka yi wa aiki, kuma wa ya karɓi taswirar bayan an ba da maki?