Daga Teburin Gyaran Rediyo Zuwa Rumfar Jirgin Sama

Duk wanda ya ratsa unguwar Tudun Wada a garin Jos, ya bi hanyoyinta masu hawa da gangara a tsakanin duwatsu, zai ga samari a ƙananan shaguna da teburan bakin titi, sun duƙufa a kan rediyo da talabijin da wayoyin hannu. Da yawansu ba su yi nisa a makaranta ba, amma suna iya gano inda wuta ta yanke a jikin allon da bai kai tafin hannu ba. Idan sana'ar ta kasa riƙe su, sai su hau mota zuwa Ikko ko Badun ko Fatakwal, su shiga dako ko gadi ko acaba. Jama'ar Arewa mazauna Kudu sun san waɗannan samari sarai, domin su ne ke karɓarsu a tasha, su ba su wurin kwana, su nema musu abin yi.

Wannan asara ce babba, kuma ba yau Filato ta fara ganin irinta ba. Shekaru da dama kamfanonin Turawa suna haƙar ma'adinin kuza a Bukuru da Barikin Ladi da kewayen Jos, ana loda shi a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Dalmar da mai gyara ke narkawa ya liƙe wayoyi, fiye da rabinta daga kuza ake yin ta. Ke nan arzikin ƙasar ya fita ɗanye, ya komo a cikin na'urori masu tsada, aka bar wa mutanen wurin ramuka da kududdufai. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Abin da ya rage wa Filato, wanda ya fi kuza daraja, shi ne basirar 'ya'yanta, kuma ita ma ɗanya take fita.

Akwai hanyar da wannan basira za ta bi ta zama sana'a mai martaba, wato aikin kula da lantarki da na'urorin jirgin sama, wanda masu aikin ke kira abiyoniks. Jama'a sun saba da ganin matuƙi da kakinsa, amma ba su cika sanin injiniyan da ya kwana a rumfar gyara kafin jirgin ya tashi ba. Jirgin sama na zamani yana tafe ne da taimakon na'urori masu yawa: rediyon da matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi, na'urar da ke nuna tsawon da jirgi ya kai a sama da saurin da yake yi, rada mai hango hadari tun daga nesa, na'urar da ke riƙe jirgi a kan hanyarsa ba tare da hannun matuƙi ba, da akwatin nan mai naɗar bayanai da ake kira baƙin akwati, ko da yake launinsa ruwan lemo ne. Wayoyin da ke jikin babban jirgi samfurin Airbus A380, in aka miƙe su, za su kai kimanin kilomita 500. Wutar ma ta bambanta da ta gida. Ta gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta yawancin manyan jirage kuwa sau 400, domin hakan ke ba da damar yin injinan wuta ƙanana marasa nauyi.

Mutanen Arewa sun fi kowa sanin amfanin waɗannan na'urori. A kowace shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu kan rufe sararin Kano da Kaduna da Jos, har a soke tashin jirage, fasinjoji su wuni a filin jirgi. Abin da ke ba matuƙi ikon sauka a lokacin da ido ba ya gani da nisa shi ne saƙon rediyo da na'urorin ƙasa ke aikawa, na'urorin cikin jirgi su karɓa su nuna masa tsakiyar titin sauka da gangaren da zai bi. In ɗayansu ta yi kuskure kaɗan, rayukan duk waɗanda ke ciki na cikin haɗari. Wani ne ke auna su, ya gyara su, ya sa hannu cewa lafiyarsu ƙalau.

Wannan sa hannu shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ƙasar nan ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka yi wasa da shi. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin haya samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, tayoyi suka fashe a lokacin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar a jikinsu. Jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin komawa filin, mutum 261 da ke cikinsa suka rasu, ba wanda ya tsira. Masu bincike sun gano cewa an san da ƙarancin iskar tun kafin ranar, an sauya alƙaluman da ke cikin takardar gyara, aka kuma saki jirgin don kada a makara. Ba lantarki ne ya jawo wannan masifa ba, amma darasin ya shafi kowane mai gyaran jirgi. Aiki ne da ke bukatar ƙwarewa da amana tare, da mutumin da zai iya ce wa maigidansa jirgi ba zai tashi ba.

Wurin koyon wannan aiki ba a wata uwa duniya yake ba. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, kuma tana nan har yau a gefen Palladan. Ban da sashen koyar da tuƙi, tana da sashen injiniyoyin gyaran jirgi, inda ake koyon gangar jiki da inji ko kuma lantarki da na'urori, da sashen injiniyoyin sadarwa masu kula da na'urorin da ke ƙasa a filayen jirage, da na masu ba jirage hannu daga hasumiya. A Kaduna kuma akwai cibiyar fasaha ta Sojan Sama, wadda ta samo asali a 1977 a matsayin makarantar horar da sojoji, yanzu kuwa tana karɓar farar hula maza da mata. Duka biyun tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Jos.

Abin takaici shi ne, duk da kusancin, iyaye da yawa a Arewa ba su san ƙofar shiga ba. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano. Bayan shekara ɗari, yaron da ya girma a Tudun Wada yana iya ganin jirgi na gangarowa filin Yakubu Gowon da ke Haifan, wanda ya girma a Agege kuwa jirage na wucewa ta bisa rufin gidansu dare da rana daga filin Murtala Muhammed, amma da wuya a sami wanda zai gaya musu cewa aikin nan na ɗan kowa ne.

Hanyar a bayyane take, ko da yake ba gajeriya ba ce. Tilas yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussa biyar, musamman Turanci da lissafi da fiziks. Turanci wajibi ne, domin littattafan gyaran jirgi da takardun da ake cikewa duk da shi aka rubuta su, kuma ba a taɓa ko da ƙusa ɗaya sai bisa abin da littafin ya ce. Wanda ya fara da kwalejin fasaha ta Bukuru, ko ya yi difloma a fannin lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Filato, ya riga ya aza harsashi. Bayan karatun kwaleji sai aikin hannu a rumfar gyara a ƙarƙashin ƙwararru, sannan jarrabawar Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda ke ba da lasisi. Bayan lasisin ma akwai ƙarin horo a kan kowane samfurin jirgi, domin wanda ya ƙware a Boeing ba zai sa hannu a kan Airbus ba sai ya koye shi.

Masu ɗari-ɗari da wannan shawara suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Kuɗin karatun ya fi ƙarfin talaka. Kamfanonin jirage a ƙasar nan ba su cika tsawon rai ba. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina aiki a 2003, kuma da yawa daga waɗanda suka biyo bayansa sun bi sahunsa. Akwai matasan da suka gama kwaleji suka zauna ba aiki, saboda kamfani na neman mai gogewa, gogewa kuwa ba ta samuwa sai a bakin aiki.

Amma wannan hujja tana nuna inda gyara yake ne. Dalilin ƙarancin gurabe shi ne yawancin manyan gyare-gyaren jiragen Nijeriya a waje ake yinsu, ana biya da dala. Habasha ta kafa kamfanin jiragenta a 1945, ta riƙe horar da 'yan ƙasa da muhimmanci, yau kuwa jiragen wasu ƙasashe ke layi a Addis Ababa don gyara. A nan gida ma, a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban binciken jirgin Boeing 737 a Ikko da hannun injiniyoyinsa. Abin da aka yi sau ɗaya ana iya maimaita shi. Ban da haka, wanda ya koyi lantarkin jirgi ba ya rasa madafa, domin ana bukatar irin iliminsa a kamfanonin sadarwa, da jirage masu saukar ungulu da ke hidimar rijiyoyin mai, da na'urorin asibiti, da aikin wutar hasken rana.

Saboda haka akwai nauyi a wuyan ɓangarori uku. Wajibi ne gwamnatocin jihohin Arewa, har da ta Filato, su ware gurabe na musamman a hukumominsu na ba da tallafin karatu domin wannan fanni, a zaɓi yara bisa cancanta, a kuma biya kuɗin a kan kari. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa kamfanonin jirage sharaɗin ɗaukar sababbin injiniyoyi su koyi aiki, ta kuma sauƙaƙa wa masu son gina rumfunan gyara a cikin gida.

Nauyi na uku yana kan 'yan Arewa mazauna Kudu. Hana acaba da gwamnatin Ikko ta yi a wasu sassan birnin a 2020 da 2022 ya nuna yadda doka ɗaya ke iya share abincin dubban mutane a dare ɗaya. A Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu akwai sarakunan Hausawa, da ƙungiyoyin 'yan gari, da na masu shanu da goro da kayan gwari, kuma duk sun saba haɗa kuɗi don biki ko jinya ko kai gawa gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta iya waɗannan za ta iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai ƙwaƙwalwar lissafi har zuwa Zariya. Uban da ke aika kuɗi gida kowane wata zai iya tambaya ko makarantar ɗansa tana da malamin fiziks, kafin ya kira yaron ya zo ya taya shi tsaron shago.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke kwance rediyo a Tudun Wada yau yana da shekaru kaɗan kafin ya yanke shawarar hawa motar Kudu. Waɗanda suka riga shi zuwa sun san abin da ke jiransa a can, kuma su ne suka fi cancanta su nuna masa hanyar Zariya.